Ranar da Kaka Ta Fita Kai Katinta

Akwai ranakun da mutum ke cewa ba zai manta ba don dai ya ji daɗin bakinsa. Tawa ba irin wannan ba ce. Ni na yi ƙoƙarin mantawa, na roƙi Allah Ya cire min ita daga kai, amma har yau idan ina sallar Azahar na ji motsin ƙofa, sai gabana ya faɗi, in rasa a raka'a ta nawa nake. Ranar da tsohuwar da aka ba ni amanarta ta ɓace min a cikin New York, a tsakiyar hunturu, da silifas a ƙafarta, ina jin da wannan rana za a binne ni.

Na zo ƙasar nan bayan na gama sakandare a Kano, na sauka wajen yayata a unguwar Mount Hope. Ƙawayena na gida sun ɗauka ina saukowa daga jirgi za a miƙo min ofis da kujera mai juyawa. Abin da aka miƙo min shi ne safar hannu ta roba da kwas na 'yan makonni, aka ce shi ke nan na zama mai kula da tsofaffi a gidajensu. Ejansin da ta ɗauke ni aiki ta tura ni wajen wata baturiya a wani tsohon gini kusa da titin Grand Concourse. Ta haura tamanin nesa ba kusa ba, ita kaɗai take zaune, ciwon mantuwa ya fara cin ta. 'Yarta guda ɗaya tana can wata jiha, tana nuna ƙaunarta ta waya duk ranar Lahadi. Bakina ya ƙi kiran tsohuwa da sunanta gatsal yadda suke yi a nan, sai na riƙa ce mata Kaka. Ta tambaye ni ma'anarsa, na faɗa mata, ta ce ya yi mata daɗi. Washegari ta sake tambaya. Haka muka yi ta yi.

Kaka ba ta tuna ko ta karya kumallo, ba ta tuna sunan marigayi mijinta sai ta yi da gaske. Amma abu ɗaya ciwon ya bar mata cif, kuma ni aka zaɓa in sha shi kullum: tarihin yarukan kwamfuta. Aikinta ke nan tun tana budurwa, rubuta wa kwamfuta umarni, a zamanin da kwamfuta ɗaya ke cika ɗaki. Ina goge mata baya tana ba ni darasi. Da farko, in ji ta, babu yare ma, lambobi zalla mutum zai jera wa injin, in ya kuskure guda ɗaya ya wuni nema. Sai wasu masu tausayi suka ƙirƙiro gajerun kalmomi a madadin lambobin. Daga nan aka haifi Fortran, na masu lissafi da 'yan kimiyya, masu ɗaga hanci. Sai nata, COBOL, wanda aka yi don bankuna da kamfanonin inshora, ake rubuta shi kusan kamar Turancin mutane, don ko manaja ya leƙa ya yi kamar ya gane. Bayan su sai 'ya'ya da jikoki. Wannan ya haifi wancan, wancan ya ɗauko hancin ubansa, wani kuma ya mutu tun yana goye. Tana jero su tamkar gwaggon da ke lissafa dangi a gidan suna. Ni da ban iya jero kakannina na wajen uba ba, sai ga ni na haddace salsalar yarukan inji. Ai kuwa zuwa Amurka ya yi rana.

Sai kuma kwalin. Wani tsohon kwalin takalmi ne da ke zaune a kan kanta a falo, cike da katuna masu kauri, kowanne da ƙananan huji. Kowane kati layi ɗaya ne na umarni, kuma dole su bi juna a jere, in ɗaya ya tsallake ɗan'uwansa aiki ya lalace. Shi ya sa, in ji Kaka, duk mai hankali in ya gama jera katinsa sai ya ɗauki alƙalami mai kauri ya ja layi a karkace a saman jerin, daga wannan kusurwa zuwa waccan. In katin ya zube, layin zai nuna maka inda kowanne ya dace. Kuma a zamaninsu ba ka taɓa kwamfutar da hannunka, ko ganinta sai ta gilashi. Za ka ɗauki katinka ka kai wata 'yar taga, ka miƙa wa ma'aikacin ɗakin injin. Shi kuma ya karɓa ko kallonka ba zai yi ba, ya ce, "An karɓa. A dawo gobe da safe." Kafin ka ji wannan magana, aikin yana wuyanka, ba ka isa ka tafi gida ba. Wannan kwalin aikinta ne na farko da ya wuce ba kuskure. Kullum bayan abincin rana sai na ɗora mata shi a cinya, ta buɗe, ta bi jan layin nan da ɗan yatsa, ta yi gyangyaɗi a haka.

Da na ba yayata labari, cewa ta yi, "Ke, takarda mai huji-huji a kwali ana shafawa kullum? Layun Turawa ne, ki daina taɓawa ba bisimilla."

Wanda ya fi kowa dariya shi ne ɗan kawuna, direban tasi, wanda ya shiga wani kwas ta waya na koyon Python, wani yaren kwamfuta na zamani. Tun ranar da ya yi rajista ya hana a kira shi da sunansa, sai Injiniya. Bai gama rubuta komai ba tukuna, amma ya sayi gilashin ido da jakar goyo. Shi ya ce min, "Ƙanwata, wannan yaren da tsohuwarki ke yi ai na matattu ne, ya rasu kafin a haifi Baba." Na kai wa Kaka saƙon, don ni ba na riƙe amanar gulma. Ta yi dariya har da tari, ta ce in tambaye shi, in ya je na'urar banki ya sa katinsa, wa yake zaton yana can ƙurya yana yi masa lissafi? Na tambaye shi. Ya ce yana tuƙi.

Ranar da abin ya faru, da safe mai kula da ginin, wanda ake ce wa supa, ya zo gyaran hitar da ke ɗumama falo. Ina banɗaki ina yi wa Kaka wanka na ji wani abu ya faɗi. Na ɗaga murya na ce lafiya? Ya ce ba komai. A ƙofar gidan akwai wata 'yar ƙararrawa da 'yar Kaka ta sa aka maƙala, tana ihu duk lokacin da aka buɗe. Ashe ta dame shi da shige da ficen kayan aiki, ya kashe ta, ya gama ya tafi abinsa bai kunna ba. Ni ban sani ba. Kaka ta ci abinci, na zaunar da ita a kujerarta, na ɗora mata kwalin yadda na saba, na shiga ɗaki na tayar da Azahar.

Da na sallame na fito, kujera babu kowa. Ƙofa a buɗe take, iska mai sanyi tana shigowa daga baranda. Rigar sanyinta tana rataye a inda take, takalmanta suna ajiye, sandarta tana jingine. Kwalin ne kawai babu. A ƙasa kusa da kujerar akwai kati guda ɗaya, ban ma san lokacin da na ɗauka na cusa a aljihu ba.

Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Na duba banɗaki, na duba bayan labule, har firij na buɗe, ni ma ban san me nake nema a ciki ba. Na sauka matakala a guje ina kiran "Kaka! Kaka!" a ginin da babu wanda ya san wa nake nufi. Na fita titi, dusar ƙanƙarar jiya ta narke ta zama caɓi, mutane suna ta wucewa kowa kansa a cikin hula. Tsohuwa da rigar zaman gida da silifas ta bi ta gabansu, amma New York ce, ko da akuya ta ɗauko a kai babu mai ɗaga ido.

Na kira 'yan sanda. Na kira ejansi, suka sa min kiɗa mai sanyi, wata murya tana maimaita min cewa kirana yana da muhimmanci a wajensu. Na kira 'yar Kaka. Tambayarta ta farko ita ce ina nake lokacin. Na ce ina salla. Sai ta ce, "Salla." Yadda ta faɗa kai ka ce gidan rawa na ce mata. Kafin ta kashe ta ambaci lauya sau biyu, mahaifiyarta kuwa sau ɗaya.

'Yan sanda suka zo, supa ya fito yana goge hannu. Da aka matsa masa da tambaya ya ce shi dai bai ga komai ba, illa wani kwali da ya ture da gwiwar hannu, 'yan takardu suka watse, ya kwashe ya mayar tsaf. Tsaf! A nan na gane abin da ya faru. Kaka ta buɗe kwalinta ta tarar layinta ya wargaje. A kanta kuma ba bana ba ce, shekarun 'yan matancinta ne, aiki ya lalace, ba a miƙa ba, ba za ta zauna ba. Na ce wa ɗan sandan wajen aiki ta tafi. Ya ce ina ne? Na sake kiran 'yar, ta ce wani wuri ne can nesa a Manhattan, an rushe ginin tun tana yarinya. Wato jirgin ƙasa Kaka ta nufa. Na tuna bakin dandamalin tasha, na tuna yadda take tangaɗi in babu sanda, sai na durƙushe a nan gaban kowa.

A haka Injiniya ya iso da tasinsa, yayata ce ta turo shi. Ya dube ni ya ce, "Da a ce kun maƙala mata na'urar bibiya, da yanzu na rubuta wani ɗan abu ya nuna mana ita."

Na ce, "Yaya, don girman Allah."

Sai ya yi abin da ya fi duk kwas ɗinsa amfani. Ya danna waya ya yi magana a zauren hirar mutanenmu na waya, inda direbobi da masu tebur a bakin titi suke: "Salamu alaikum jama'a. Tsohuwa baturiya, gajera, farin gashi, shuɗiyar riga, silifas, tana rungume da kwalin takalmi. Amanar ƙanwata ce. Duk wanda ya gani ya riƙe ta, kada ya bari ta shiga jirgi."

Muka shiga mota muna bin tasha-tasha. Amsoshi suka fara shigowa. Allah Ya bayyana. Allah Ya bayyana. Wani ya turo tallar kilishi. Wani bawan Allah ya tambaya ko ƙanwar tana da aure. Ni kuwa duk tashar da muka tsaya sai in sauka ƙasa a guje, in leƙa kan layin dogo kafin in duba benci, kuma duk leƙawar sai na rufe ido tukuna. Rana ta fara yin ƙasa, sanyi yana ƙaruwa. Na riƙa lissafa abin da zan faɗa wa Allah, ba 'yan sanda ba.

La'asar ta yi sosai sai wayar Injiniya ta yi ƙara, muryar wani dattijo, daga jin Hausarsa mutumin Nijar ne. "Kai ne mai cigiyar tsohuwa? Ga ta nan zamne bisa kujerata, nan Harlem, bakin tasha. Ta hito daga ƙasa tana rawar ɗari, ni kau ban saurari saƙonku ba sai yanzu. Na kira motar asibiti. Ku taho maza, ta ƙiya ma kowa."

Ashe ta shiga jirgin. Yadda ta wuce ƙofar tasha ba tikiti, yadda ta sauka lafiya, Allah kaɗai Ya sani.

Da muka isa sai na hango ta. Dattijon, mai sayar da huluna da safar hannu ne, ya zaunar da ita a kujerarsa, ya kifa mata wata ƙatuwar hula da takardar farashi tana reto, ya naɗe ta da mayafan wuya har uku. Leɓenta ya yi shuɗi, silifas ɗin sun jiƙe sharkaf. Ta zazzage katunan a kan teburinsa tana ƙoƙarin jerawa da yatsun da suka sandare. Ma'aikatan motar asibiti biyu suna tsaye, ɗaya tana murza hannu inda Kaka ta cije ta. Ta ce min jikin tsohuwar ya yi sanyi fiye da kima, in ba ta tashi da kanta ba za su ɗaure ta a gado su ɗauka, kuma ba ta son yin haka ga zuciya mai waɗannan shekaru.

Na durƙusa na ce, "Kaka, ni ce."

Ta dube ni kamar ba ta taɓa ganina ba. Wannan kallon ya fi komai yi min ciwo. Ta ce, "Matsa, yarinya. Ban miƙa ba. Ba zan tafi ba sai na miƙa."

Dattijon ya ce min, "Ɗiyata, tun ɗazu wagga magana ɗai take. Mi za ta miƙa? In kuɗin hula ne, na yahe."

Na roƙi ma'aikaciyar ta ba mu ɗan lokaci, ta lulluɓe ta da bargo ta ce mu yi sauri. Dattijon ya ture hulunansa gefe, kayan cinikinsa guda, ya tokare bakin tebur da hannuwa don kada iska ta kwashe katunan. Da Kaka ta ga mun sa hannu, sai muryarta ta canza, ta koma ta shugabar aiki. Ta ce mu dubi lambar da aka buga a saman kowane kati ta hagu, ƙarami a gaba. Ni da Injiniya muka duƙufa. Yana jerawa yana karanta rubutun da ke saman katunan, can ya ce, "Ke, wannan fa ana karantawa. Ɗauki kaza ka kai kaza, tara kaza da kaza. Ai na gane!"

Kaka ta ce, "Kai, rage surutu, kana juya min su."

Haka Injiniya guda, da gilashinsa, ya ce, "To, Hajiya."

Jan layin ya fara dawowa kaɗan-kaɗan a saman jerin, daga wannan kusurwa yana gangarawa. Muka sa na ƙarshe. Kaka ta bi shi da yatsa, ta tsaya a tsakiya. Akwai ɗan tsalle a layin, siriri, ni da ba a nuna min ba ba zan gani ba. Ta ce, "Saura ɗaya." Fuskarta ta fara narkewa za ta yi kuka, ma'aikatan suka matso da gadonsu. Injiniya ya leƙa ƙarƙashin tebur, dattijon yana zazzage huluna. Ni kuma na sa hannu a aljihu in ɗauko abin share hawaye, sai na ji kauri. Katin da na tsinta a falo ne. Na zura shi a gurbinsa, layi ya miƙe.

Na ce shi ke nan. Ina! Muka mayar da katunan cikin kwalin, ta rungume shi ta ƙi tashi, tana waige-waige. Ma'aikaciyar ta ce lokaci ya ƙare. A nan na gane abin da Kaka ke nema. Taga take nema.

Na zagaya bayan teburin, na tsaya tsakanin mayafan da dattijon ya rataye, suka yi min kamar 'yar taga. Na ɗaure fuska, na kawar da kai gefe kamar mai abin yi da yawa, na miƙa hannu biyu. Kaka ta dube ni, ta dubi kwalin. A hankali ta ɗora min shi. Na ce da muryar da ban san ina da ita ba, "An karɓa. A dawo gobe da safe."

Kafaɗunta suka sauka. Ta ce, "Na gode, samari. Kada ka yar." Sannan ta juya ga ma'aikaciyar da ta ciza, cikin ladabi, ta ce ƙafafunta suna mata sanyi, ko akwai mai kai ta gida?

A cikin motar asibiti ina riƙe da hannunta, kwalin yana cinyata, ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Ke ce mai ce min Kaka. Me ma yake nufi?" A nan kukan da na riƙe tun Azahar ya ƙwace.

Ta rayu, ko ɗan yatsa ba ta rasa ba. Washegari da safe na je asibiti, tana ganina ta ce yaya aikin? Na ce ya wuce ba kuskure. Ta ce dama ta sani. An yi min tambayoyi har na gaji, daga ƙarshe ƙararrawar da aka kashe ta wanke ni. Ejansi ta turo saƙo tana yaba wa kanta bisa saurin ɗaukar mataki. 'Yar ta zo ta tafi da mahaifiyarta gidan kula da tsofaffi kusa da ita, ta ce a zubar da tarkacen falo. Na ce kwalin dai yana wajena, ni aka miƙa wa. Yana nan a saman durowata, yayata har yau sai ta yi bisimilla in za ta goge wajen. Injiniya kuwa yanzu duk fasinjan da ya ɗauka sai ya ji cewa shi har COBOL ya taɓa aiki da shi.

Ni dai ban koma daidai ba. Kowane gida aka tura ni, sai na taɓa ƙofa na gwada ƙararrawa kafin in tayar da salla, wani lokacin in sallame in sake dubawa. Amma na daina abu ɗaya. Yanzu in tsoho ya fara ba ni labarin da ya ba ni jiya da shekaranjiya, ba na cewa "uhm" ina kallon waya. Ina saurara har ƙarshe, in riƙe yadda ake farawa da yadda ake rufewa. Duk ranar da ya ɓace, ba sunansa zai amsa ba, ba kuma nawa zai tuna ba. Cikin wannan labarin zai koma ya zauna, kuma wanda ya saurara ne kaɗai ya san ƙofar da zai bi ya fito da shi.